Afuwar Masu Bindiga: Sulhu da Adalci a Afganistan daga Bonn zuwa Dawowar Taliban

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka yi ta jingine batun adalci a Afganistan da sunan neman zaman lafiya, tun daga taron Bonn na 2001 har zuwa mulkin Taliban na yanzu. Hujjarta ita ce, duk afuwar da aka yi a ƙasar cikin wannan lokaci masu riƙe da makami ne suka yi wa kansu ko suka yi wa junansu, ba tare da an tuntuɓi waɗanda aka zubar wa jini ba, kuma wannan giɓi na daga cikin abubuwan da suka ci jamhuriyar da aka kafa bayan 2001. An duba dokar afuwa ta 2007 ta fuskar fiƙihu, an duba gasar da aka yi tsakanin kotunan gwamnati da na Taliban, sannan aka auna shirun bindiga da ake gani a yau.

Gabatarwa



Yaƙin Afganistan ya girmi zuwan Amurka da shekara 23. Ya faro ne a watan Afrilun 1978, lokacin da 'yan gurguzu suka kashe Shugaba Muhammad Daud Khan suka karɓe mulki, suka shiga kame malamai da masu gonaki da ɗalibai, da yawansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo a Disambar 1979, ba su fita ba sai Fabrairun 1989, bayan mutuwar mutanen da ake ƙiyasta sun kai miliyan guda da gudun hijirar fiye da miliyan 5 zuwa Pakistan da Iran. Da gwamnatin Najibullah ta faɗi a 1992, ƙungiyoyin mujahidai suka juya wa juna makami a cikin Kabul. Rokokin Gulbuddin Hekmatyar suka rusa unguwanni, kuma a Fabrairun 1993 aka yi wa 'yan ƙabilar Hazara kisan gilla da fyaɗe a unguwar Afshar. Taliban ta kama Kabul a 1996, ta yi nata kisan a Mazar-i-Sharif a Agustan 1998, shekara guda bayan an karkashe mayaƙanta da aka kama a wannan gari.

Abin lura a wannan jeri shi ne babu ɓangaren da hannunsa ya tsira daga jini, kuma babu al'ummar da ba ta binne nata ba. Wanda aka zalunta a 1979 shi ne mai harba roka a 1993. Wannan ne ya sa batun adalci ya yi nauyi a ƙasar, kuma shi ne ya sa masu mulki suka samu sauƙin cewa a bar kaza cikin gashinta.

Bonn: teburin waɗanda suka ci nasara

An sa hannu a yarjejeniyar Bonn ranar 5 ga Disambar 2001, ƙarƙashin jagorancin Lakhdar Brahimi, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana kiranta yarjejeniyar zaman lafiya, amma ɓangare ɗaya na yaƙin ne kawai ya zauna. Ba a gayyaci Taliban ba, kuma daga baya Brahimi da kansa ya amsa cewa wannan babban kuskure ne. A daftarin farko akwai sakin layi da ya hana yin afuwa ga laifukan yaƙi. Wakilan Ƙawancen Arewa, gamayyar ƙungiyoyin da suka yaƙi Taliban, suka ƙi, suna cewa ana son ɓata sunan mujahidai ne, aka cire shi. Ma'aikatun tsaro da cikin gida da harkokin waje suka faɗa hannun mutanen kwarin Panjshir na wannan ƙawance. A cikin makonnin da ake wannan zama ne fursunonin Taliban da suka miƙa wuya a Kunduz suka mutu da yawa a cikin kwantenoni a hannun dakarun Abdul Rashid Dostum, aka binne su a Dasht-i-Leili. Ba a taɓa gurfanar da kowa a kan haka ba. Dostum ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2014.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A 2002 gwamnatin Hamid Karzai ba ta da soja ba ta da 'yan sanda, dakarun ƙasa da ƙasa kuma ba su wuce Kabul ba. Duk wanda ya ce a kama ministan tsaro Marshal Fahim a lokacin, to yaƙin basasa yake kira. Na yarda da wannan. Inda na rabu da su shi ne, tsakanin gurfanar da mutum da naɗa shi gwamna akwai fili mai faɗi, kuma ba a taka wannan fili ba. Gul Agha Sherzai shi ne gwamnan Kandahar a shekarun da kwamandoji suka cika hanyoyi da shingayen ƙwace, ɓarnar da ta sa mutane suka yi maraba da Taliban a 1994. A ƙarshen 2001 shi aka mayar kan kujerar, da kuɗin Amurka da makamanta. An ba kura ajiyar nama ke nan. Irin waɗannan madugan yaƙi sun riƙa nuna abokan gabarsu na ƙabila da na gona a matsayin 'yan Taliban, sojojin waje su kwashe su zuwa kurkukun Bagram ko na Guantanamo. Anand Gopal ya tattara irin waɗannan labarai daga kudancin ƙasar a littafinsa na 2014, kuma sun nuna cewa da yawa daga waɗanda suka koma daji ba aƙida ce ta fara kora su ba, wulaƙanci ne da rashin wurin kai ƙara.

Abin da jama'a suka ce da aka tambaye su

An tambaye su sau ɗaya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afganistan, wadda aka kafa a 2002 ƙarƙashin Dakta Sima Samar, ta zagaya larduna da sansanonin 'yan gudun hijira a Iran da Pakistan, ta ji ta bakin mutum wajen 6,000, ta fitar da rahoto a Janairun 2005. Kusan kashi 70 cikin ɗari sun ce an zalunce su ko an zalunci wani na jikinsu a lokacin yaƙi. Wajen kashi uku cikin huɗu sun ce hukunta masu laifin yaƙi zai ƙara wa ƙasar kwanciyar hankali ne, ba zai rage ba. Mafi rinjaye sun nemi a cire irin waɗannan mutane daga muƙaman gwamnati. Wato talakan da ake cewa ana kare shi daga fitina ta hanyar yin shiru, shi da bakinsa ya ce shirun ne fitinar.

Daga wannan rahoto aka tsara Shirin Zaman Lafiya da Sulhu da Adalci, gwamnati ta amince da shi a Disambar 2005, Karzai ya ƙaddamar da shi bayan shekara guda. Ya ƙunshi girmama waɗanda aka kashe, da tantance masu riƙe muƙamai, da binciken gaskiya, da hukunci. Wa'adinsa ya ƙare a 2009 ba a aiwatar da abin kirki ba, ba a kuma sabunta shi ba. Hukumar ta ci gaba da nata aikin, ta haɗa rahoto mai shafi wajen 800 kan ta'asar da aka yi daga 1978 zuwa 2001, da sunaye da wuraren kaburburan bai-ɗaya. A Disambar 2011 Karzai ya sauke Nader Nadery, kwamishinan da ya jagoranci aikin. Har jamhuriyar ta faɗi ba a buga rahoton ba.

'Yan shari'o'in da aka yi, yawancinsu a waje aka yi su. Wata kotun Landan ta ɗaure kwamanda Faryadi Zardad shekara 20 a 2005 saboda azabtar da matafiya a shingensa na Sarobi. A shekarar kuma kotun Holan ta ɗaure wasu manyan jami'an leƙen asiri biyu na zamanin gurguzu. Daga wani binciken na Holan ne aka fitar da jerin sunayen mutum kusan 5,000 da aka kashe a 1978 da 1979. Da aka wallafa shi a Satumbar 2013, iyalai a faɗin ƙasar suka yi zaman makoki na mutanen da suka ɓata shekara 34 da suka wuce, gwamnati ta ayyana kwana biyu na juyayi. Ba a yi harbi ko ɗaya saboda wannan jeri ba. Masu cewa tono gaskiya zai tayar da yaƙi ba su taɓa ba da amsar wannan ba.

Dokar 2007 da tambayar wa ke da ikon yafewa

A farkon 2007 majalisar dokoki, wadda tsofaffin kwamandoji suka yi kane-kane a cikinta, ta zartar da dokar sulhu da afuwa ta bai-ɗaya. A watan Fabrairu dubban magoya bayansu suka cika filin wasa na Ghazi a Kabul, Abdul Rasul Sayyaf da Burhanuddin Rabbani da Fahim da Dostum suna kan mumbari. Mutanen da suka yi ta luguden wuta a kan juna a yaƙin basasar Kabul sun samu abin da ya haɗa kansu. Dokar ta kare duk ɓangarorin da suka yi yaƙi kafin 2001 daga tuhuma, ta kuma buɗe ƙofa ga masu ɗauke da makami a lokacin idan suka ajiye. An saka ta a gazet ɗin gwamnati a ɓoye, sai a farkon 2010 jama'a suka farga ta zama doka.

A nan nake son in ɗan daɗe, domin mahawarar da aka yi da harshen fiƙihu aka yi ta, kuma harshe ne da mu ma muka tashi a cikinsa, ko da yake su Hanafawa ne mu Malikawa. Malamai sun raba haƙƙi gida biyu: haƙƙin Allah, wanda shugaba ke tsayawa a kansa, da haƙƙin bayi, wanda mai shi kaɗai ke iya sarayar da shi. Jinin wanda aka kashe da zalunci yana hannun waliyyinsa, ko ya nemi ƙisasi, ko ya karɓi diyya, ko ya yafe, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara da ta 33 ta Suratul Isra'i suka nuna. Ko ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, haddi ne ke faɗuwa daga kansa, amma a wurin mafi yawan malamai haƙƙin mutane yana nan a wuyansa. Masu kare dokar na iya jawo babin 'yan tawaye, inda malamai da yawa suka ce ba a bin diyyar abin da ya salwanta a fagen fama tsakanin rundunoni biyu masu tawili. Sai dai wannan rangwame na fagen fama ne. Bai shafi tsohon da aka fito da shi daga gidansa a Afshar aka harbe ba, bai shafi matar da aka yi wa fyaɗe ba, bai shafi fursunan da ya riga ya ajiye makami ba.

Masu rubuta dokar sun san da wannan, shi ya sa bayan an yi ta suka, aka ƙara sharaɗin cewa afuwar ba ta hana mutum ya kai ƙarar haƙƙinsa na kansa ba. A takarda an mutunta shari'a. A aikace an yi mata wayo ne. Hukuma ta janye hannunta daga bincike da tuhuma, ta bar wa bazawarar da ke gefen Kabul ta nemo shaidu, ta shigar da ƙarar mutumin da ke da kujera a majalisa da mayaƙa a bayansa, a gaban alƙalin da watakila shi ya sa aka naɗa shi. A fiƙihu haƙƙin na waliyyi ne, amma isar da shi aikin sarki ne. Idan sarki ya ce ba ruwansa, ya kashe haƙƙin ba tare da ya furta ba. Kuma yafiyar da ake yaba wa mai yin ta ita ce ta wanda aka ba zaɓi, aka tabbatar masa da laifin, sannan ya sauke. Wanda ba shi da ikon komai sai haƙuri, ba a ce ya yafe ba.

Sauran sulhun da aka yi duk wannan sawu suka bi. An kafa Majalisar Ƙoli ta Zaman Lafiya a 2010 aka ɗora Rabbani a kai, mutumin da Taliban ta kora daga mulki, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe shi a gidansa a Satumbar 2011. A 2016 gwamnatin Ashraf Ghani ta yi yarjejeniya da Hekmatyar wadda ta ba shi kariya daga tuhuma, ya dawo Kabul a 2017 da jerin gwanon motoci, ya ratsa birnin da ya yi wa ruwan rokoki. Waɗanda suka ga yadda aka yi ta zaman sulhu da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ba tare da mutanen ƙauyukan da aka ƙona ba, ba za su ji wannan baƙo ba, ko da yake asalin rikicin biyu ba ɗaya ba ne.

Alƙalin da ke kan babur

Akwai wani adalcin da ya fi na laifukan yaƙi kusa da manomi: wa zai raba shi da maƙwabcinsa kan iyakar gona, kan rabon ruwan ban-ruwa, kan gado, kan bashi. Shekarun hijira sun bar gona guda da takardun mallaka uku daga gwamnatoci uku. Da ƙasashen waje suka raba aikin gina hukumomi, Amurka ta ɗauki soja, Jamus 'yan sanda, Birtaniya yaƙi da ƙwaya, Japan kwance ɗamara, aka bar wa Italiya shari'a, kuma shari'ar ce ta fi samun ƙarancin kuɗi da kulawa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka ya ƙiyasta cewa 'yan ƙasar sun biya cin hancin dala biliyan 2.5 a shekara guda, a rahotonsa na 2010, kuma alƙalai da masu gabatar da ƙara suna cikin masu karɓar mafi tsoka.

Yawancin rigingimu dama a jirga da shura ake kashe su, wato zaman dattawa. Suna da sauri, suna neman gyara zumunci, suna da hanyar da mai laifi zai je gidan wanda ya ɓata wa ya ƙasƙantar da kai ya nemi gafara. Suna kuma da mummunar al'adar ba da yarinya aure a madadin jini, ga shi yaƙi ya raunana dattawan, kwamanda ya zauna a inda suke zama.

Taliban ta gane wannan giɓi tun kafin masu ba da agaji su gane. Ta kafa kotuna a yankunan da ko gama kama su ba ta yi ba. Adam Baczko, wanda ya yi shekaru yana nazarinsu, ya nuna tsari ne mai matakai har da ɗaukaka ƙara, ana tura alƙali nesa da garinsu, ana sauya masa wuri don kada ya saba da masu gari. Alƙali zai zo a kan babur, ya zauna a masallaci, ya yanke hukunci cikin kwanaki, kuma hukuncin ya zauna domin kowa ya san abin da zai biyo bayan saɓa shi. Ba ina wanke waɗannan kotuna ba ne. Mace ba ta da murya sosai a cikinsu, wanda aka zarga da leƙen asiri ba ya samun kariya, ma'aikacin gwamnati kuwa jininsa ya halatta a wurinsu. Amma mutumin da ya yi shekara uku yana kai toshiya kotun gwamnati kan gonar ubansa, ya samu hukunci a mako guda a wurin 'yan tawaye, ya riga ya san wace ce hukuma a garinsu. An kashe biliyoyin daloli a kan soja, yaƙin kuwa ana rasa shi a zauren shari'a.

Doha da abin da ya biyo baya

Yarjejeniyar da Zalmay Khalilzad na Amurka da Mullah Abdul Ghani Baradar na Taliban suka sa wa hannu a Doha ranar 29 ga Fabrairun 2020 Bonn ce aka kifa. Wannan karon gwamnatin Kabul ce aka bari a waje. An yi maganar janye sojoji, da alƙawarin hana kai wa Amurka hari, da sakin fursunonin Taliban 5,000. Ba a ambaci waɗanda yaƙin ya ci ba. Ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta shiga Kabul, ta shelanta afuwa ga kowa.

Dole a faɗi gaskiya: harbe-harbe sun ragu ƙwarai, ana bin hanyoyin da a da ba a bi, kuma ga ƙauyen Helmand da ya yi shekara 20 ƙarƙashin jiragen yaƙi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma afuwar irin ta jiya ce, mai nasara ne ya ba da ita, kuma yana iya janye ta. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar ya tattara bayanan kisan tsofaffin jami'ai da sojoji aƙalla 218 ba tare da shari'a ba, daga Agustan 2021 zuwa Yunin 2023. An rushe hukumar kare haƙƙin ɗan'adam a Mayun 2022. An rufe wa 'yan mata makaranta bayan aji shida, aka hana su jami'a a Disambar 2022.

Abubuwa biyu sun isa su nuna inda aka tsaya. A Disambar 2022 aka zartar da ƙisasi na farko a bainar jama'a a Farah, kuma mahaifin wanda aka kashe ne ya harbe mai laifin. Taliban ta san haƙƙin waliyyin jini ke nan sarai. A Oktoban 2021 kuwa ministan cikin gida Sirajuddin Haƙƙani ya tara iyalan 'yan ƙunar baƙin wake a wani otal a Kabul, ya yaba musu, ya yi musu alƙawarin kuɗi da filaye. Iyalan mutum fiye da 100 da bam ɗin da aka ɓoye a motar asibiti ya kashe a Kabul a Janairun 2018, harin da Taliban ta ce ita ta kai, su ma waliyyai ne. Babu kotun da za su je.

Kotun duniya da iyakarta

Afganistan ta shiga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya a 2003, don haka duk abin da ya faru kafin wannan shekara ya fi ƙarfin huruminta. Da mai gabatar da ƙarar kotun, Fatou Bensouda, ta samu izinin bincike a Maris na 2020, wanda ya haɗa da azabtarwar da ake zargin jami'an Amurka da yi, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi. Magajinta Karim Khan ya sanar a Satumbar 2021 cewa zai mayar da hankali kan Taliban da ƙungiyar IS reshen Khorasan. A Yulin 2025 kotun ta ba da sammacin kama shugaban Taliban Haibatullah Akhundzada da alƙalin alƙalai Abdul Hakim Haƙƙani kan zaluntar mata. Sammacin yana bisa hanya. Amma ɗan Kunduz da ya rasa ɗan'uwa cikin mutum 42 da jirgin Amurka ya kashe a asibitin likitocin agaji a 2015 zai ga an sake zaɓen wanda za a tuhuma ne gwargwadon ƙarfinsa. Ostireliya ta ɗan yi abin a yaba da rahoton Brereton na 2020, wanda ya gano hujjojin kisan mutum 39 a hannun dakarunta na musamman, ko da yake shari'ar tana tafiyar hawainiya.

A Oktoban 2025 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kafa wani kwamitin bincike mai zaman kansa da zai tattara hujjoji ya adana su. Ba kotu ba ne, ba zai kama kowa ba, kuma da wuya Taliban ta bar shi ya taka ƙasar. Amfaninsa zai dogara ne kan ko zai buɗe kundinsa ga Afshar da Dasht-i-Leili da Kunduz kamar yadda zai buɗe wa Mazar da makarantun da aka rufe. Aikin farko da ya kamata ya nema shi ne rahoton nan mai shafi 800 da aka danne tun 2011, tare da kare shaidun da suka ba da bayanansa, domin da yawansu sun tsufa, wasu kuma suna cikin waɗanda Iran da Pakistan ke korowa gida a yanzu.